Yayyafi Yau, Rana Gobe: Mu Daina Tura Rabin Hasashe

  Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga shi an rubuta muku kamar yadda aka saba, sai ku karanta a nutse.

Yau maganar yanayi za mu yi. Na san wani zai ce, yanayi kuma? Ga tsadar abinci, ga rashin aikin yi, ga matsalar tsaro, sai a zo ana mana zancen hadari da rana? To ɗan uwa, ka yi haƙuri ka bi ni a hankali. Kuɗin kwanon geron da za ka saya a watan Nuwamba, a 'yan makonnin nan ake fara yanke shi, tsakanin ruwan farko da na biyu.

Akwai wani irin hasashe da kusan kowace shekara sai mun ji shi a nan Arewa, da zarar an shigo watan Mayu zuwa Yuni. Za a ce ana sa ran yayyafi, ko ruwa da tsawa nan da can, a kwana biyu ko uku masu zuwa, daga nan ruwan zai ɗauke na wasu kwanaki, zafi kuma ya ƙaru. Saƙon nan gida biyu ne. Gidan farko daɗi ne, ruwa na tafe. Gida na biyu gargaɗi ne, ruwan ba zai ɗore ba. To mu matasa masu waya a hannu, gidan farko muke ɗauka. Shi ake sawa a sitatus, shi ake turawa guruf ɗin 'yan gida, har da “Alhamdulillah damina ta kankama”. Gida na biyu kuwa sai a bar shi a hanya. Kuma wallahi asarar da ake yi, yawancinta a wannan gida na biyun take.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ruwan farkon damina ke zuwa yana ɗaukewa. Iskoki biyu ne ke kokawa a samaniyarmu. Ɗaya tana tasowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya ce, ita ce ke kawo mana hazo da sanyin hunturu. Ɗayar tana tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atilantika, tana ɗauke da laima. Inda suka ci karo akwai wata iyaka, kuma iyakar nan ba a tsaye take ba. Daga wajen watan Maris takan fara hawowa arewa, ta kai ƙarshen tafiyarta a watan Agusta, sannan ta juya. Shi ya sa mutanen Fatakwal ke samun damina tun Maris, Abuja wajen Afrilu zuwa Mayu, mu kuma na Kano, Katsina, Sakkwato, Jigawa da Yobe sai Yuni, wasu garuruwan bakin iyaka ma har farkon Yuli.

Abin lura shi ne iyakar nan ba ta tafiya kamar jirgin ƙasa a kan layi. Takan matso gaba, ta ja baya, ta sake matsowa. Ranar da iskar teku ta yi ƙarfi ta rufe mu, sai hadari ya haɗu a yi ruwa. Ranar da ta ja baya, sai busasshiyar iska ta dawo, sama ta washe tas kamar ba a taɓa yin hadari ba. Ruwa mai ɗorewa kuma sai iyakar ta wuce mu da tazara mai nisa, laimar ta yi kauri a samanmu, ake samunsa. To kafin a kai nan, duk ruwan da aka yi baƙo ne, bai sauke kayansa ba.

Wani zai tambaya, in laimar daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa kullum daga gabas muke ganin hadari ya taso? Tambaya ce mai kyau. A can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce ke tura hadarin. Tana kuma tafe da wani irin lanƙwaso kamar igiyar ruwa, wanda kan ratsa mu duk bayan kwana 3 zuwa 5. Shi ya sa in damina ta zauna za ku ga ana yin ruwa, a huta kwana uku ko huɗu, a sake yi. Iyayenmu da ke duban gabas da la'asar, abin da na'ura ke aunawa suke dubawa da ido.

Sai maganar zafi. Mutane kan yi mamaki, jiya fa aka yi ruwa, ya aka yi yau garin ya fi shekaranjiya zafi? Ga yadda abin yake. A wannan lokaci rana kusan a tsakar ka take da tsakar rana. In gajimare ya janye, babu abin da ke tare ta. Ruwan da aka yi kuma ya bar laima a cikin iska. Jikin ɗan Adam da gumi yake sanyaya kansa, gumin ya fito ya bushe ya tafi da zafi. To in iska ta riga ta ƙoshi da laima, gumin ba ya bushewa da wuri, sai ka ji kana jiƙewa amma ba ka huce ba. Da dare ma laimar nan ce ke riƙe zafin ƙasa ta hana shi tashi sama, shi ya sa ɗaki ke zama kamar tanda. Bayan kwana biyu ko uku kuma ƙasa ta bushe, ƙarfin ranar da da yake ƙarewa wajen busar da danshi sai ya koma gasa ƙasar kanta. Kun ga kenan kowace rana ta ɗaukewar ruwa tana fin ta jiya zafi.

Yauwa, yanzu mu shiga gona. Manomi ya ga an yi ruwa da dare, da asuba ya ɗauki sungumi, yara na biye da ƙoƙon iri. Irin nan wataƙila shi ne ɗan abin da aka ɓoye tun kaka ana yunwa ba a taɓa ba, ko kuma bashi aka ci aka saya. Danshin ya isa ya ta da ƙwayar, ta tsiro kwana uku zuwa biyar. Sai ruwa ya ɗauke kwana goma, kwana goma sha biyu. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, kuma da tsakar rana zafin saman rairayi kan haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyas. Ɗan tsiron da saiwarsa ba ta kai tsawon yatsa ba, ina zai iya? Sai ya ƙone. A sake neman iri, a sake biyan masu aiki, kuma an ci kwanaki daga cikin daminar da dama can gajera ce. Wanda ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, shi ma yayyafi ne babban abokin gabarsa, don zai jiƙa irin ya ruɗe shi ya fara tsiro, sannan ya bar shi.

Masana sun daɗe da zama a kan wannan matsala. A shekarar 1988, wani masani mai suna Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kusa da Yamai a Nijar, ya fitar da wani ma'auni da har yau ake amfani da shi a yankin Sahel. A ma'aunin, ba a cewa damina ta kankama sai an samu ruwan da ya kai milimita 20 a cikin kwana uku a jere, bayan 1 ga Mayu, kuma a kwana 30 da suka biyo baya ba a samu ɗaukewar da ta wuce kwana 7 ba. Ku lura da kyau, shi ma ma'aunin gida biyu ne, yawan ruwan da aka yi da kuma abin da ya biyo baya. Na farko kana iya auna shi a tsakar gidanku. Na biyu kuwa ba ka da hanyar leƙa shi sai ta hasashe. Nan ne amfanin gajeren hasashen yake.

To mene ne milimita 20 ɗin? Kada sunan ya tsorata ku. Milimita 1 na ruwan sama yana nufin lita 1 ta zuba a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Milimita 20 a kan hekta guda kenan lita 200,000. Kuma auna shi ba ya buƙatar digiri. Ka samu gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, jikinsa a miƙe, ka ɗora shi a fili nesa da bango da bishiya da indararo. In an gama ruwa ka tsoma rula. In ruwan ya kai santimita 2, to milimita 20 kenan. In ko rabin santimita ne, yayyafi aka yi, komai ƙarar tsawar da aka sha. A kwanakin zafi irin waɗannan, rana da iska na iya zuƙe milimita 6 zuwa 8 a yini guda daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ka ga ruwan milimita 5 ko kwana ɗaya ba zai yi ba.

Akwai kuma awon da iyayenmu suka sani tun kafin rula, wato a haƙa ƙasa a ga inda danshi ya tsaya. In ka tona ka tarar da busasshiyar ƙasa tun ba ka nutsa yatsunka ba, ruwan bai kai na shuka ba. In danshin ya kai tsawon tafin hannu ko ya wuce, to ana iya magana. Abin da nake so mu ƙara a kan wannan tsohon ilimi shi ne tambaya ɗaya tak: bayan wannan ruwan, me ake hasashen zai biyo baya a kwana biyar zuwa bakwai? In an ce ɗaukewa ce da zafi, to Baba ya ɗan dakata, ko ya shuka wani ɓangare ya rage iri a rumbu. Hausawa sun ce ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari.

Ba shuka kaɗai ba. Takin zamani, musamman yuriya, in ka watsa shi a saman busasshiyar ƙasa mai zafi, wani kaso nasa iska yake bi ya tafi, in kuma ya taɓa ƙaramin tsiro babu danshi sai ya ƙona shi. Kun san nawa buhu yake yanzu, ba sai na faɗa ba. Taki yana son ƙasa mai danshi, a binne shi kusa da shuka. Maganin ciyawa na bayan shuka shi ma sai da danshi yake kamawa. Maganin feshi kuma in ka yi shi ana saura awa biyu ruwa ya sauko, ka wanke kuɗinka ne kawai. Duk waɗannan shawarwari ne na kwana ɗaya zuwa uku, daidai tsawon da gajeren hasashe ya fi ƙarfi a kai.

Zaɓen abin shukawa ma yana ciki. Gero da dawa sun fi masara jure ƙishi, masara kuwa in fari ya same ta tana fitar da bunu da gemu, an yi babbar asara. Muna da iri masu saurin nuna da cibiyoyinmu suka fitar, irin geron SOSAT, da masarar SAMMAZ da waken SAMPEA na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Wanda shukarsa ta farko ta ƙone, irin waɗannan ne ke iya cetonsa a sauran kwanakin da suka rage. A bar karan bara da ganye a kan ƙasa maimakon a ƙone su ƙurmus, suna rage zafin ƙasa, suna tsare danshi. 'Yan uwanmu na Tawa da Maraɗi sun yi nisa a haƙa ƙananan ramukan tassa da rabin-wata masu tare ruwa a gindin shuka. Abin koyi ne, kuma fartanya da taki na gida kawai yake ci.

Kada kuma wani ya ɗauka ɗaukewar ruwa sai a farkon damina. A 2024, tsakanin Yuli da Agusta, ruwa ya ɗauke makonni a sassan jihohi irin su Kogi, Neja, Nasarawa da Taraba, amfanin gona ya yi ta bushewa, jama'a suka fita roƙon ruwa. A wannan shekarar dai, ranar 10 ga Satumba, Maiduguri ta wayi gari cikin ambaliya bayan ɓallewar madatsar Alau. Shekara ɗaya, ƙasa ɗaya, fari a nan, ambaliya a can. Wanda ya dogara da lissafin “ai haka aka saba” kaɗai, yanzu yana cikin hatsari.

Mu dawo cikin gari, don na san da yawanku ba ku taɓa riƙe fartanya ba. Kwanakin zafi bayan yayyafi sun shafi kowa: ɗan sahu, mai turin ruwa, lebura a wajen gini, mai talla, ɗaliba a aji mai rufin kwano, da uwa mai girki a madafa. A sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Aikin ƙarfi a mai da shi safiya ko yamma in da hali. Tsofaffi, masu juna biyu, ƙananan yara da masu hawan jini ko ciwon suga, su ne zafi ya fi kayarwa, a riƙa leƙa su. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono za a ƙara masa akai-akai, ba ruwa ba. In ka ga mutum ya fara jiri, ciwon kai, amai, ko ya rikice yana surutai jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a garzaya asibiti. Wanda ya yi asarar ruwan jiki, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Kuma don Allah kada a bar yaro a cikin mota a rufe, ko da na minti biyar ne.

Sai sauro. Kududdufin da yayyafi ya bari, in rana ta ɗumama shi, mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo. Wato kwanakin da ruwa ya ɗauke, su ne kwanakin da ake ƙyanƙyasar zazzabin wata mai zuwa. Su ne kuma damarmu. Lokacin ne za a yashe kwata, a cike ramuka, a kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, a ɗaura gidan sauro. Lokacin ne za a hau rufi a ƙara ƙusa a kwanon da ya saki, a gyara indararo, a yaɓe katangar ƙasa. Ruwan da ke dawowa bayan zafi mai tsanani yakan zo da iska mai yaye rufi, ya tarar da ƙasa ta ƙanƙame ba ta shan ruwa da sauri, sai ya bi layi ya shiga gidaje. In hadari ya taso, kada a fake a gindin bishiya. Ga ɗan lissafi: ƙarar tsawa tana cin kilomita 1 a daƙiƙa 3. In ka ga walƙiya ka ƙirga, tsawar ta iso ba ka kai 30 ba, to tana kusa, ka nemi gini ka shiga.

Yanzu ga inda aka fi rigima. Sai ka ji an ce, “Ai ƙarya suke, sun ce za a yi ruwa ba a yi ba.” Jama'a, mu koyi yaren hasashen tukuna. In aka ce ruwa “nan da can”, ana nufin hadarin ƙanana ne, faɗin wani 'yan kilomitoci ne kawai. Ana iya sheƙa ruwa a Hotoro, mutumin Rijiyar Zaki ko ɗigo bai gani ba, kuma duk a Kano suke. In aka ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100, ma'anarsa a cikin kwana goma masu irin wannan yanayi, shida ana samun ruwa, huɗu ba a samu. Ranar da ba a yi ba tana cikin lissafin tun farko. Sannan hasashe yana da tsawon numfashi. Na kwana ɗaya zuwa uku ya fi ƙarfi, na mako ya fara rauni, abin da ya wuce kwana goma kuwa alama ce kawai. Kuma hasashen zafi da na busasshiyar iska mai rufe yanki guda ya fi sauƙin dacewa a kan cewa ga unguwar da hadari zai zuba. Kun ga kenan gida na biyun da muke yarwa, sau da yawa ya fi na farkon abin dogaro.

Manhajar yanayi da ke cikin wayarka kuma ka san matsayinta. Yawancinsu daga manyan kwamfutocin ƙasashen waje suke ɗebo lissafi, kuma hadarin yankinmu yana cikin abubuwan da suka fi ba su wahala, ga ƙarancin tashoshin awo a Afirka. Ka duba ta, amma ka haɗa da na gida. A Najeriya muna da hukumar NiMet, wadda doka ta kafa a 2003. Tana fitar da hasashen kwana uku-uku, sannan a farkon kowace shekara tana fitar da na damina gaba ɗaya, mai nuna lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa, da ɗaukewarsa, da wuraren da ake fargabar fari a tsakiya. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya addabi Sahel, da kuma ACMAD mai hidima ga nahiyar baki ɗaya. Ilimin yana nan. Kuma kafin ka tura kowane saƙo, ka duba kwanan wata da sunan gari. Hasashen bara da na Legas sun sha yawo a wayoyinmu da sunan na yau.

Akwai mai cewa ruwa na Allah ne, wa ya san gobe? Gaskiya ne, ruwa na Allah ne, kuma babu mai hasashen da ya isa ya saukar da ɗigo ɗaya. Amma hasashe duban alama ne, ba da'awar sanin gaibu ba. Kakanninmu sun duba dawowar shamuwa, sun duba gawo yana zubar da ganye, sun ji sauyin iska, har suka ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Babu wanda ya ce sun yi saɓo. Tauraron ɗan Adam ido ne kawai da aka ɗaga sama ya hango abin da ke tasowa daga Chadi kafin ya iso mu. Ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ta ishe mu darasi a kan tanadi tun kafin wuya ta zo. Mu yi addu'a, in ta kama mu fita sallar roƙon ruwa, mu kuma riƙe sababi.

To ina matsalar take? A mita ɗarin ƙarshe. Bayanin yana fitowa da Turanci, a intanet, da sunan jiha ko shiyya. Mai buƙatarsa yana ƙauye, Hausa ko Fulfulde ko Kanuri yake ji, rediyo ne abokinsa, kuma tambayarsa ita ce, in shuka gobe ko in bari? Malaman gona da ya kamata su cike wannan giɓi sun yi kaɗan ƙwarai. Don haka ga kiranmu ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi. A sa hasashen kwana uku a gidajen rediyo da harshen mutane, a tsayayyen lokaci kullum, bayan magariba lokacin da manomi ya dawo gida, a kuma fassara shi zuwa shawara. A kafa ma'aunin ruwa a makarantun firamare da sakandare, ɗalibai su riƙa rubutawa. A Nijar da damina ana karanta yawan ruwan da aka samu gari-gari a kafafen gwamnati, me zai hana mu? A kuma tanadi iri mai saurin nuna tun kafin Yuni saboda waɗanda shukarsu za ta ƙone, kada a jira sai an yi asara a zo ana rabon tallafi gaban kyamara.

Amma kafin su motsa, mu ne gadar. Kusan kowane gida a karkara yana da ɗa ko 'ya ko jika mai waya a birni. Ga aikin da nake roƙon kowa ya ɗauka a wannan damina. Duk bayan kwana uku ka duba hasashe daga tushe mai inganci. Ka kira gida, ko ka yi saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, ka faɗi gida biyun duka: ga ranar da ake sa ran ruwa, ga abin da ake sa ran zai biyo baya. Ka faɗe shi da ladabi. Kada ka ce wa mahaifinka kada ya shuka, ya fi ka sanin gonarsa nesa ba kusa ba. Ka ce, “Baba, ga abin da masu awo suka hango, sun ce bayan wannan ruwan akwai yiwuwar ɗaukewa da zafi, na ce bari in sanar da ku.” Hukunci nasa ne. Ke ma 'yar uwa, ki kira Inna ko Goggo, mata da yawa suna da gayaunarsu ta gyaɗa da wake da kuɓewa, kuma su ne ba a cika tunawa da su ba in ana raba bayani. Ka sa ƙaninka ya kafa gwangwani da rula, ya riƙa rubuta kwanan wata da santimita a littafi. In an yi shekara uku ana haka, ƙauyenku ya mallaki tarihin ruwansa da hannunsa.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kakar da za ta yi albarka ma, tun daga shawarar da aka yanke a makon ruwan farko ake fara gina ta. In kun kafa gwangwanin, ku aiko mana da sunan garinku da abin da kuka auna, za mu karanta a shiri na gaba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.